Kowa da kiwon da ya karɓe shi: magana ga manyan ɗalibai a Vom

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu 'yan Arewa da karatu ya kawo mu Vom da kewayen Jos. Yau da mu manya nake, masu mastas da 'yan ajin ƙarshe, waɗanda ƙanne ke zuwa wajenmu neman shawara.

Akwai wata ɗabi'a da muka gada. Ƙane zai kawo maka furojet ɗinsa, kafin ya zauna ka zaro jan biro: Turancinka bai yi ba, lissafinka bai yi ba, wannan babin a sake. Ya tashi jiki a sanyaye, ga sanyin Vom ga sanyin gwiwa. Mu a ganinmu horo ne. Amma da yawa daga nan suke fara ɓuya, sai kwantai ya taru, wani ma ya tattara ya koma gida. A ganina, wanda zai ja-goranci ɗalibi ya fara gano abin da ya iya, sannan ya yi amfani da shi wajen gyara abin da bai iya ba.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da kai wa nan. A 1998, da Martin Seligman ya zama shugaban ƙungiyarsu a Amurka, ya ce fannin nasu ya fi mayar da hankali kan cuta da naƙasu, ya bar abin da ke sa mutum ya bunƙasa. A 2004 shi da Christopher Peterson suka fitar da jerin kyawawan halaye 24 a ƙarƙashin rukuni 6, bayan an duba koyarwar al'ummomi da addinai, har da Musulunci da Kiristanci. A ciki akwai juriya, son sani, adalci, tawali'u, godiya, taka-tsantsan, har da raha. Wanne ne baƙo a wajenmu? A 2005 kuma suka gwada: aka sa mutane su riƙa amfani da halin da suka fi ƙarfi a kai ta sabuwar hanya kullum na mako guda, aka ga walwalarsu ta ƙaru har bayan wata shida.

To mu dawo gida. Tun 1924 ake aikin lafiyar dabbobi a Vom, kuma cibiyar binciken nan ta taka rawa wajen yaƙi da bushiya, cutar da ta taɓa cinye garken kakanninmu, wadda a 2011 aka sanar an kawar da ita daga duniya. Irin wannan aiki ba mutum iri ɗaya ke yinsa ba. Akwai mai haƙurin zama a ɗakin gwaje-gwaje, akwai mai shiga daji da allura, akwai mai bakin da zai shawo kan Arɗo ya yarda a taɓa shanunsa.

Ɗauki yaron da ya tashi a ruga. Daga tafiyar saniya ya san ba ta da lafiya, amma a tsayar da shi gaban aji ya yi bayani da Turanci sai gumi. In ka fara da Turancin, ka kashe shi. Ka ce ya faɗa maka da Hausa ko Fulatanci abin da ya gani a jikin dabbar, sannan ku mayar da shi Turanci jimla-jimla. Wallahi zai fi saurin koyo, domin yana magana ne a kan abin da ya fi ka sani. Haka ɗalibar da ba ta magana a aji amma littafinta tsaf: ba ta riƙon bayanan rukuni, ka ga aiki.

Na san wani zai ce yabo na kumbura kai, kuma an ce yabon kai jahilci. Gaskiya ne, shi ya sa ba "kai gwani ne" nake nufi ba. Ka faɗi takamaiman abin da ka gani: "Na lura ba ka barin gwaji sai ka maimaita shi." Kuma ba a ce a rufe ido ga kuskure ba. Wanda ya kuskure awon magani dole a gyara masa nan take, rai ne a hannunsa, kuma dukiyar wani ce. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Bambancin kawai, wanda ya san ka ga alherinsa ya fi karɓar gyaranka.

Don haka in ƙane ya zo, kafin jan biro, yi masa tambaya uku. Wane aiki ne kake yi har ka manta da lokaci? Me abokanka ke zuwa nema wajenka? Yaushe ka taɓa cin wata wahala, kuma da me ka ci ta? Yawancinmu kunya ba za ta bari mu amsa da wuri ba, sai ka yi haƙuri ka jira. Daga amsar za ka san ta inda za ka kama shi.

Ku da kuke ajin farko, me aka taɓa lura kun iya? Ku faɗa mana a ƙasa. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.