Kada ka karɓi makullin mota a filin jirgi

A ganina, duk wanda ya kwana a jirgi ya sauka Landan, bai kamata ya ɗauki hayar mota a ranar ba. A Ingila ana tuƙi ne ta hannun hagu, tsarin da Najeriya ta bari tun 1972, sitiyari kuma yana dama. A shataletale, inda motar da ke zuwa daga damanka ke da fifiko, sabo kan riga tunani, balle ga mai jin barci. Cikin birni jirgin ƙasa ya wadatar. Ka jinkirta hayar har sai za ka shiga karkara, bayan ka huta, ka kuma tambayi nawa za ka biya daga aljihunka idan motar ta gogu duk da inshora. Sauri kan haifi nawa.