Silikon mai warin khal ba na waya ba ne

1/ Damina ta ƙarato, kowa zai fara neman abin toshe kafar ruwa a akwatin sola, kyamarar tsaro da fitilar waje. Bari in faɗi ra'ayina tun da wuri: yawancin silikon da nake gani an shafa wa waya ba na waya ba ne. Na taga ne da banɗaki. Kuma shi ne ke cin wayar a hankali. Ku biyo ni 👇

2/ Bara aka kira ni wani gida, wai sola ta daina caji yadda ta saba. Batir lafiya, inbata lafiya. Na hau rufi na buɗe akwatin da aka haɗa wayoyi. An cika shi da silikon fari tas, ka ce aikin ƙwararre. Ina ɓanɓarewa sai ga waya ta yi kore shar, tana marmashewa a hannu. Kuma ko ɗigon ruwa bai shiga ba.

3/ Mai gidan ya ce, "To Injiniya, in ba ruwa ba me ya ci ta?" Na ce Alhaji, maganin da aka sa ne ya zama cutar.

4/ Ga yadda abin yake. Silikon ba ya bushewa irin na fenti. Danshin da ke cikin iska ne ke sa shi ya daskare, kuma yayin da yake daskarewa akwai abin da yake fitarwa. Wannan abin da yake fitarwa shi ne ya raba shi kala-kala.

5/ Na farko shi ne wanda ake rubuta wa "acetoxy" ko "acetic cure" a jiki. Shi ne mai arha, shi masu aikin gilashi da alminiyam suka fi riƙewa. Asid yake fitarwa, irin wanda ke cikin ruwan khal. Shi ya sa in ka buɗe shi warin tsami ke dukan hancinka.

6/ A jikin gilashi ko tayil ba shi da laifi, iska ta kwashe asid ɗin shi ke nan. Amma ka sa shi a kan jan ƙarfe, ka kuma rufe akwati ruf? Asid ɗin ba inda za shi. Nan zai zauna yana cin waya, yana cin dalmar da aka liƙe, har layukan da ke kan bod. Koren nan da na gani ke nan.

7/ Abin haushin shi ne ba ya nuna kansa ranar da aka yi aiki. Sai bayan watanni, an biya mai aiki ya tafi. Haɗin da tsatsa ta ci kuwa ba ya barin wuta ta wuce sosai, sai ya riƙa zafi. A layin sola mai ɗaukar wuta da yawa, zafin nan ba abin wasa ba ne fa. Daga nan gobara ke iya tashi.

8/ Na biyu shi ne "neutral cure", wanda ba ya fitar da asid. Amma a nan ma mutane ke zamewa, don shi ma kala biyu ne. Akwai "oxime", akwai "alkoxy".

9/ Oxime ya fi na asid nesa ba kusa ba, sai dai a rufaffen wuri yana iya dusashe jan ƙarfe, kuma yana iya tsattsaga robar polikabonet, wadda ake yin wasu akwatunan lantarki da murfin fitilu da ita. Alkoxy kuwa sinadarin metanol yake fitarwa, ba ya cin ƙarfe. Shi ne na kayan lantarki.

10/ Don haka in ka shiga shago, juya bayan bututun ka karanta. Nemi "alkoxy", "non-corrosive" ko "electronics grade". In ka ga MIL-A-46146, ma'aunin sojan Amurka ne na silikon da ba ya cin ƙarfe. Dowsil 3145 misali ne na irinsa. In ka ga UL 94 V-0, ma'ana in ya kama da wuta zai mutu da kansa.

11/ Ba rubutu, ko ba ka yarda da rubutun ba? Hanci dai. Warin khal, ajiye shi. In kana son tabbaci, kankare guntun waya ta yi haske, shafa mata, jefa ta a kwalba ka rufe kwana biyu zuwa uku. In ta canza launi ka samu amsarka.

12/ Ko mai kyan ma yana da ƙa'ida. Daga waje yake daskarewa zuwa ciki, kamar milimita 2 zuwa 3 a awa 24. In ka cika akwati da shi tim, sama zai yi tauri, ciki na nan ɗanye. Shafa shi siriri, ka bari ya daskare kafin ka rufe. Kuma nisanta shi daga rile da makunni, tururinsa na ɓata bakin da suke haɗa wuta da shi.

13/ Sannan silikon ba ya gyara mugun haɗi. A murɗa waya da hannu, a naɗe da baƙin salatef, a lafta silikon a ce an gama? A'a. Wayar fanel tana da filoginta, MC4. Wayar famfon burtsatse tana da nata kayan haɗin na musamman. Silikon ƙari ne kawai.

14/ Na san abin da 'yan'uwana masu aiki za su ce: na lantarki ya fi tsada, ba ko'ina ake samu ba, kuma mai gida kullum ragi yake nema. Gaskiya ne. Amma bambancin kuɗin bai kai na kiran wani ya hau rufi ya sake jan waya ba. Ka faɗa masa, ka sa a lissafi. Mu ne muka san bambancin, shi bai sani ba. Amana ce.

15/ Kai kuma mai gida, ba sai ka zama injiniya ba. In ka ga ya ɗauko silikon zai nufi waya, ce masa kawo in shinshina. Minti ɗaya ne. Tura wa mai haɗa maka sola ya gani kafin ruwan farko ya sauka. Allah Ya tsare mu da asara.