Kwamfuta a rumfar zana

Tun 2010 Maraɗi, Damagaram da Tawa ke da jami'o'insu, ga kuma ta Abdu Mumuni a Yamai. Haɗa su da makarantun firamare da kwalejoji don koyarwa da kwamfuta shawara ce mai daɗin ji a zauren taro. Amma a wane aji za a girka na'urar? A rumfar zana irin wadda ta ƙone a Maraɗi cikin Nuwamban 2021, yara sama da 20 suka halaka? Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Gwamnati ta gina azuzuwa, ta kai lantarki. Jami'o'i su horar da malamai ƴan kwantaragi. In ba haka ba, masu karɓar kuɗin zama kaɗai yarjejeniyar za ta amfana.