Kada Mu Kare Imani Da Hujjar Aro



Kwanan nan ana ta yawo da wani bidiyo a wayoyinmu, wai masana lissafi sun tabbatar cewa bayanan da ke cikin ƙwayar halitta ba sa taɓa ƙaruwa, don haka an gama da Darwin. Har wasu iyaye na cewa yaransu su daina sauraron malamin bayoloji. Ni Musulmi ne, ba na shakka cewa Allah ne Mahalicci. Amma wannan hujja ba ta da ƙafa, kuma yaranmu za ta cutar.

Ilimin auna bayani da suke jingina da shi, Claude Shannon ne ya kafa shi a Amurka a 1948. Damuwarsa ita ce yadda saƙo zai bi ta waya ya isa bai lalace ba. Yawan saƙo yake aunawa, kuma shi da kansa ya ajiye zancen ma'ana gefe. Lissafinsa bai hana bayani ƙaruwa ba.

Ƙwayar gado, wato DNA, da haruffa huɗu aka rubuta ta, kuma na ɗan Adam sun kai kusan biliyan 3. Wajen kwafi akan sami canji, wani lokaci ma sashe guda ya maimaitu. Sinadarin da ke cikin yawu mai narkar da abinci irin tuwo, wasu mutane suna da kwafin ƙwayarsa fiye da wasu. Sikila kuma canjin harafi ɗaya ne ya kawo ta, kuma mai AS yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Kuloroƙwin da muka sha muna yara, ƙwayar cutar ta canza ta daina jin sa, har Najeriya ta koma wasu magunguna a 2005. Wanne ne ƙarya a cikin waɗannan?

Mu tuna da littattafan Harun Yahya da aka yi ta ɗauka kamar su ne ƙarshen magana. Mai su, Adnan Oktar, kotun Turkiyya ta yanke masa ɗaurin shekara 8,658 a 2022 kan manyan laifuffuka. Laifinsa ba shi ne ya rushe hujjarsa ba, amma ya nuna yadda muke rungumar baƙo ba bincike.

Abin da nake tsoro shi ne yaron da aka ce masa imaninsa a kan wannan lissafi ya tsaya. Ranar da ya shiga Jami'ar Fasaha ta Minna ya ga lissafin bai faɗi haka ba, sai ya fara zargin duk abin da muka koya masa.

Iyaye, ku bar yara su karanta bayoloji su ci jarrabawarsu. Tauhidi kuma a kai su wurin malaman da suka san shi. Kafin ka tura bidiyo, tambayi wanda ya karanci fannin.

Allah Ya sa mu dace.

Sakataren ƙungiya