Dutsen Wasa da Dutsen Gaske

'Yan'uwana malamai, akwai wani wasan kwamfuta, EVE Online, inda mutum kan tuƙa kumbo cikin sararin samaniya, ya haska dutse da wuta, ƙarfe ya zubo masa, ba ƙura, ba tari. Amma dutsen ƙasarmu ba haka yake ba. A Zamfara, cikin 2010, garin niƙa dutsen zinariya a gida, ƙurar dalma ta kashe yara wajen 400. Cikin 2015 kuma, a ƙasar Kagara, nan Jihar Neja, yara 28 suka rasu. To, a ganina, wajibi ne kowane malami da ya fita daga Kontagora ya koya wa 'yan ajinsa wannan: kada a niƙa dutse inda ake girki. Rigakafi ya fi magani.