Labarin Garuruwan Duniya: Martula, Garin da Tsoffin Kayansa Suka Raya Shi

Zuwa ga Edita. Ina roƙon ka ba ni fili kamar yadda ka saba, in ba jama'a labarin wani ƙaramin gari a kudancin ƙasar Fotugal, wanda Larabawa suka kira Martula, masu shi kuwa suna ce masa Mértola.

Garin yana bisa tudun dutse a bakin kogin Gwadiyana. Malamai za su gane farkon sunan nan, watau "wadi" na Larabci. A zamanin Rumawa jiragen ruwa sukan hauro daga teku har gindin garin, su ɗebi alkama da ma'adinai. Bayan Musulmi sun shiga Andalus cikin 711, garin ya koma hannunsu, suka zauna shekara ɗari biyar da 'yan kai. Cikin 1144 wani sufi, Ibn Ƙasi, ya yi wa Murabiɗuna tawaye, ya mai da Martula mazaunin mulkinsa. Cikin ƙarnin nan ne aka gina masallacin garin.

Cikin 1238 Sarkin Fotugal Sanco na Biyu ya ci garin da yaƙi. Ba a rushe masallacin ba, sai aka mai da shi majami'ar Nasara. Har yau wanda ya shiga zai ga mihrabi yana nan daram, ga kuma ƙofofi masu baka irin ginin Magariba. Bisa kansa akwai ganuwa da hasumiya wadda aka gina cikin 1292.

To, sannu a hankali jirage suka daina zuwa, kasuwa ta mutu. Cikin 1966 aka rufe haƙar jan ƙarfe ta São Domingos, wadda ke ciyad da mutanen yankin. Samari suka watse neman abinci, aka bar tsofaffi. Sa'an nan cikin 1978 wani masanin tarihi, Cláudio Torres, ya zo da almajiransa suka soma tono a gindin ganuwar. Suka sami unguwa guda ta gidajen Musulmi, da tukwane masu ado, da fitilu, da duwatsun kaburbura masu rubutun Larabci. Aka adana su a gidajen tarihi cikin garin, baƙi suka riƙa zuwa kallo. Cikin 2001 kuma aka soma bikin tunawa da zamanin Musulunci a titunansa.

Ya ku 'yan'uwana masu karatu, ku duba wannan al'amari. Dukiyar ƙarƙashin ƙasa an haƙe ta ƙare, amma abin da ake gani kamar kango ne shi ya maido wa garin sunansa. Da waɗanda suka ci garin sun rushe masallacin don fushi, ko jikokinsu sun kwashe duwatsun ganuwa don gina gidaje, me baƙo zai zo gani? Wanda ke da tsohon gini a garinsu, ya yi tunani kafin ya ɗauki gatari. Rushewa aikin yini guda ne.

Haza wasalam.

Naku,
Akawu Mai Son Tarihi