Kada Ka Ce "Da Sauƙi" Don Kunya

Ɗan'uwa, kai da ka dawo daga aikin dako a Tamanrasset da ciwon baya mai sauka har ƙafa, saurara. Wani lokaci likita yakan yi allura a gadon baya, irin ta matan da ake wa tiyatar haihuwa, don ya gano tushen ciwon. In ƙafafu sun mutu, ciwo ya ɗauke, to tushensa yana ƙasa. In bai ɗauke ba, sai a nema a sama. Allurar ba magani ba ce, bayan 'yan awoyi ciwon zai dawo. A ganina, kunyarmu ce ke ɓata gwajin nan. Likita ya tambaya, ka ce "da sauƙi" alhali kana jin zogi, sai ya nemi cutar inda ba ta.